Damin da Yero Ya Mayar

Yero taubashina ne. Uwarsa da ubana ciki ɗaya suka fito, saboda haka ina da izinin zaginsa tun muna yara, kuma ban taɓa barin izinin nan ya kwana ba. Na faɗa tun farko ne domin kada wani ya karanta abin da zan rubuta ya ce tsohuwa ta ci mutuncin dattijo. Dattijo ne, na yarda. Amma duk faɗin Bauchi ban san wanda ya ƙona mini rai kamarsa ba, alhali ni bai taɓa yi mini laifin komai ba. Kansa yake yi wa, ni kuma ina gefe ina tafasa.

Sunana Fati, a Ƙofar Wambai nake zaune, ɗinki ne sana'ata tun kafin idona ya fara neman gilashi. Shi kuwa a Inkil aka haife shi, nan ya girma, nan ya tsufa. Da muna yara Inkil ƙauye ne na gaske, sai ka bar gari a baya, ka ratsa gonaki, kafin ka hango rufin ciyawa. Kakanninmu Fulani ne da suka jingine sanda suka ɗauki fartanya. Abin da ya rage mana na Fulatanci bai wuce dogon hanci da sunaye da wata irin kunya mara amfani ba, ita kuma kunyar duk rabon danginmu Yero ne ya kwashe shi kaɗai.

Dogo ne, siriri, mai magana ƙasa-ƙasa. Bai yi boko ba, ya dai yi allo gwargwado, noma kuwa ya san shi ciki da waje. Abu ɗaya ne ya gagare shi koyo, shi ne cewa a'a. Yana da shanun huɗa, amma kowace damina gonarsa ce ta ƙarshen huɗewa, don sai shanun sun gama zagaye gonakin masu roƙo. Kekensa ya fi kwana a gidajen mutane. An taɓa aron garmarsa, wanda ya ara ya sayar da ita, Yero ya gan ta a hannun wani a kasuwa ya kau da kai, wai kada mai laifin ya ji kunya. Matarsa Ni'ima, Allah ya jiƙanta, ta yi faɗa har ta gaji ta koma yi masa dariya. 'Ya'yansu duk sun koma tun suna ƙanana, Amatullah ce kaɗai ta rayu.

Ubansa ya bar masa gona mai kyau, tun daga gindin dutse har bakin rafi. Ɓangaren sama jigawa ne, na dawa da gyaɗa. Ɓangaren ƙasa, wajen rafi, shi ne mai danshi, ko ruwa ya yi gardama ba ya ba da kunya.

Wata shekara da damina ta ɗauke da wuri a can arewa, wani mutum mai suna Ya'u ya sauka a Inkil, shi da matarsa da jariri a baya. Babu wanda ya san su. A zauren Yero suka kwana, don a nan duk baƙon da ba shi da kowa yake ƙarewa. Kafin damina ta zagayo Yero ya ba shi aron gona, kuma ba jigawar ya ba shi ba, ɓangaren rafi ya ba shi. Da Ni'ima ta yi magana sai ya ce mai iyali ne, ba shi da shanu, jigawa za ta wahalar da shi. Jaririn nan da aka zo da shi a goye sunansa Mansir.

Yaran yanzu ba su san yadda ake aron gona a da ba, don haka bari in faɗa. Ba a rubuta komai. Amma duk kaka, wanda aka ba aro zai ɗaure dami ɗaya na dawa, ya ɗauko a ka, da rana tsaka, ya bi ta tsakiyar unguwa ya dire shi a ƙofar mai gona. Ba haya ba ce, dami ɗaya me zai yi wa mutum? Shaida ce. Duk wanda ya ga damin nan yana tafiya ya san wannan gona ba ta mai nomanta ba ce. Sannan wanda aka ba aro ba ya dasa itace, ba ya haƙa rijiya, domin waɗannan aikin mai abu ne. Da wannan kaɗai kakanninmu suka riƙe gonakinsu ba lauya ba takarda, kuma ya ishe su.

Ya'u mutumin kirki ne, ba zan ɗora masa abin da bai yi ba. Bai taɓa fashin kawo dami ba, kuma mafi kyau yake zaɓa. Suka shaƙu da Yero har wanda bai sani ba sai ya ce wa da ƙani ne. Tare suke cin abinci, tare suke zuwa Juma'a. Yero ne ya kai Mansir makarantar allo, shi ya sayi takalminsa na farko da zai shiga firamare.

Sai Allah ya jarrabi Ya'u da shanyewar ɓarin jiki. A shekarar, Mansir da uwarsa ne suka yi noman, Mansir kuwa lokacin bai gama zama saurayi ba. Gonar ba ta yi abin kirki ba. Na je Inkil karɓar gyaɗata a kakar nan, ina cikin zaure muna hira da Ni'ima ranar wata Juma'a bayan an sauko, maza sun cika ƙofar gida a kan tabarmi, sai ga Mansir da dami a ka, wuyansa yana rawa. Ya dire, ya durƙusa.

"Baba, ga shi in ji babana. Ya ce a yi haƙuri, na bana bai kai na bara ba."

Yero ya dubi damin, ya dubi ƙafafun yaron da suka yi furu-furu. Na san kallon nan. Duk ranar da ya yi shi, wani abu zai fita daga gidan.

"Ɗauki ka mayar gida, ku ci," in ji shi. "Ka gaya wa Ya'u, in ya sake aiko mini da dami ƙofar nan, zan yi fushi da shi."

Wuri ya ɗauki kabbara. Wannan ya ce Allah ya saka, wancan ya ce irin su Yero sun ƙare. Har a wa'azin liman maganar ta fito daga baya. Ni kuwa ko mayafi ban gyara ba, na sa aka kira mini shi soro.

"Kai Bafillatanin banza, me ka yi haka?"

"Me na yi kuma, Fati?"

"In tausayi kake ji, ka karɓi damin a gaban mutane, in sun watse ka aika musu da buhu guda ta bayan gida. Haka iyayenmu suke yi. Wa ya gaya maka ana mayar da damin aro?"

Ya yi murmushin nan nasa mai ƙara wa mutum haushi. "Yanzu in sa yaro ya ɗebo abinci daga gidan da babu, ya ratso gari da shi, don kawai a ce gona tawa ce? Ai kowa ya san tawa ce."

Na ce masa kowan nan da yake taƙama da shi mutuwa zai yi. Ya ce in daina mugun baki.

Daga ranar dami bai sake zuwa ba. Bayan 'yan shekaru uwar Mansir ta zo ta durƙusa ta ce ko za a bar su su dasa mangwaro a bakin rafi, tunda mai gida ba ya iya aiki, ko 'ya'yan za su riƙa sayarwa. Kun san amsar da ta samu. Har dashen Yero ne ya samo musu. Ya'u ya daɗe a kwance kafin ya cika, kuma Yero yana kusa da shi har ƙarshe.

A tsakanin nan gari ya taso ya cim ma Inkil. Inda muke tsinkar kanya da muna yara ya koma gidan mai. Gonaki suka zama fuloti, ƙaramin yaro ya san farashin fili mai ƙafa hamsin bai san lokacin shuka ba. Gonar Yero ta sama ta fara zaizayewa. 'Ya'yan ƙannensa suka zo neman wurin gini, ya yanka musu. Aka ce ana son masallaci, ya yanka. Aka ce makarantar unguwa ba ta da filin wasa, ya yanka. Ba na ƙin masallaci, ba na ƙin makaranta, amma akwai masu gonaki a Inkil da suka fi shi, ba wanda ya dosi ƙofarsu, don an san inda ƙasa take da taushi. Ɗan abin da ya rage yana nomawa kuma ciwon ƙodar Ni'ima ya cinye. Aka sayar, aka yi magani, ba ta tashi ba. Wanda ya saya ya bar shi ya girbe amfanin shekarar, daga nan aka kawo bulo.

Ya zama duk abin da ubansa ya bari, ɓangaren rafin nan ne kaɗai ya rage wa Yero a duniya. Shi ne abincinsa, shi ne kuma gadon Amatullah, wadda mijinta ya rasu ta dawo gida tana koyarwa a wata Islamiyya. Mansir a lokacin ya zama dillalin filaye, yana da mota, yana da ofis a bakin titi, gonar kuma 'yan ƙwadago yake sawa su nome masa. Sai da ni da Amatullah muka yi wata muna tura Yero kafin ya yarda ya je ya yi maganar, kuma ko da ya tashi, rabi ya ce zai roƙa, don kada a ce ya tashi marayu. Maraya mai tumbi da mota!

Ya bi ta gonar kafin ya je ofis, sai ya tarar an kafa turakun siminti a kusurwoyinta, kowanne da lamba. Ya ƙarasa wurin Mansir. Amatullah ce ta raka shi, ita ta ba ni labari. Mansir ya tashi ya ba shi kujera, ya sa aka kawo lemo mai sanyi, ya durƙusa ya gaishe shi yadda ya kamata. Da Yero ya gama kewaye-kewayensa ya ambaci gona, sai Mansir ya ce:

"Baba, wace gona?"

"Ta bakin rafi, wadda na ba mahaifinka aro."

"Aro kuma, Baba? Ai kyauta ka ba mu. Ni ne fa na kawo dami ka ce in mayar, a gaban jama'a. Tun daga ranar muka san ka bar mana. Na ma yi mata rajista, akwai kamfanin da zai gina gidaje a wurin."

Amatullah ta ce uban nata cewa kawai ya yi, "To, Allah ya kyauta," ya tashi. Lemon ma sai da ya yi godiyarsa.

Da labari ya iso ni, na kulle ɗakina, na ɗora keken ɗinkina a keke-napep, na tare a Inkil. Na gaya wa Yero ba zan bar gidansa ba sai ya kai ƙara. Ya ce shi bai taɓa shiga kotu ba. Na ce yanzu zai taɓa. Ya ce me mutane za su ce, a ji Yero ya kai ɗan Ya'u gaban alƙali. Na ce mutanen nan su ne suka cinye ka da rai, ka bar su su faɗi abin da suka ga dama. Na hana shi sakat, yana alwala ina magana, yana cin tuwo ina magana. Da ya yarda, na san ba don gona ya yarda ba. Ni ma a'a ce ya kasa ce mini.

Jikan maƙwabciyata lauya ne, Barista Mahfuz, yaro mai ladabi. Ya zo har gida, ya cire takalmi, ya zauna a tabarma ya saurari komai. Ya yi mana bayanin yadda abubuwa suka sauya. Yanzu ana ɗaukar hoton filaye daga sama, a shigar a kwamfuta, kowane fili da lambarsa da sunan mai shi, don a rage rikici da sayar da fili ɗaya ga mutum uku. Na ce gyara ne mai kyau, amma wa ya zo ya tambayi tsofaffi? Ya ce ma'aikatan ba su yi laifi ba, wanda suka tarar a kan gona suka rubuta, maƙwabta suka shaida shi ke nomawa, aka yi sanarwa ko akwai mai ja, ba wanda ya fito. Yaya Yero zai fito? Rediyonsa ma yana gidan wani.

"Amma Mama," in ji Mahfuz, "takardar ba ita ce babbar damuwata ba. In tushenta ba shi da kyau, kotu tana iya rushe ta. Damuwata ita ce shekarun. A shari'a, in mutum ya daɗe yana riƙe da gona, yana noma, yana dashe, mai ita yana gari yana gani bai ce uffan ba, to riƙon nan hujja ne. Abin da ke karya shi shi ne a tabbatar aro ne har yanzu. Baba, yaushe rabon da a kawo maka dami?"

Yero ya sunkuyar da kai. "Ya haura shekara ashirin."

"Mangwaron fa, ka hana?"

Na ce, "Shi ya kawo dashen." Mahfuz ya cire gilashinsa ya goge.

Aka shiga kotun shari'a. Alƙalin dattijo ne mai haƙuri, ba ni da abin faɗa a kansa, ya bi ƙa'ida daki-daki. Waɗanda suka halarci ranar da aka ba Ya'u aron duk sun rasu, kamar yadda na taɓa gaya wa Yero. Ni na ce na sha ganin dami yana zuwa. Mansir bai ma yi gardama ba, ya ce e, da can aro ne, amma ranar da aka mayar da dami ya zama kyauta. Aka ce ya kawo shaidu.

A nan ne na ga abin da har yanzu ban manta ba. Shaidun Mansir su ne mutanen da suka yi kabbara a ƙofar gida ran nan. Ba wanda ya manta ranar, ai shekara da shekaru suna ba da labarinta don yabon Yero. Malam Abdulsalam mahauci, wanda shanun Yero suka yi wa huɗa fiye da sau goma, ya tsaya da sandarsa ya ce:

"Allah gafarta Malam, da idona na gani. Yaro ya dire dami, Yero ya ce ya mayar, ya ce in aka sake kawowa zai yi fushi. Wallahi irin Yero sai a tona."

Yana faɗa yana kallon Yero da fara'a, shi a zatonsa yabo yake yi. Ba ƙarya ya yi ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Da ƙarya ce da na san wanda zan tsine wa.

Mahfuz ya tashi ya tambaye shi ko ya ji Yero ya ce ya bayar da gonar. Malam Abdulsalam ya ce a'a, dami dai ya ji an ce a mayar. Sauran ma haka suka ce. Alƙali ya ce ke nan riƙon Mansir ya tabbata, mayar da dami ya tabbata, amma kyautar ba ta gama tabbata ba. Abin da zai cika ta shi ne rantsuwa. Mansir zai dafa Alƙur'ani ya rantse cewa Yero ya ba ubansa gonar kyauta. In ya rantse, gona tasa ce. In ya ƙi, rantsuwa ta dawo kan Yero, ya rantse aro ne, a ba shi abinsa.

Mahfuz ya sunkuyo ya raɗa mana, "Wannan ita ce damarmu. Ya san gaskiya, a gidan ya girma. Ban ga alamar zai iya ba."

Aka ce Mansir ya je ya yi alwala. Ya daɗe a waje har aka aika ɗan sandan kotu ya duba shi. Ya dawo hannun rigarsa a jiƙe, goshinsa kuma ba ruwan alwala ne kaɗai a kai ba. Ina kallonsa. Ya nemi inda zai ajiye makullin motarsa ya rasa, ya sa a aljihu, ya fitar, ya sake sawa. Magatakarda ya kawo Alƙur'ani a naɗe cikin ƙyalle ya ajiye a kan tebur. Mansir ya ɗaga hannu, hannun ya tsaya a sama bai sauka ba. Ni Fati, da na yi shekaru ina gwada wa mutane kaya ina karanta fuskokinsu, na rantse yaron nan ya kusa janye hannunsa. Kaɗan ya rage.

Sai na ji murya a gefena.

"Allah gafarta Malam, a dakata."

Yero ne ya miƙe. Na kama gefen rigarsa na ja, ya zare hannuna a hankali.

"Na janye ƙarata. Na bar masa."

Alƙali ya ajiye alƙalaminsa. "Malam Yero, ka fahimci abin da kake faɗa? In ka bar masa a gabana, na rubuta, ba a dawowa."

"Na fahimta."

"Wani ya tsorata ka? Ko kana son a ɗaga zama ka yi shawara da lauyanka?"

"Ba wanda ya tsorata ni. Allah gafarta Malam, a kan cinyata Ya'u ya cika. Yaron nan ya san aro ne, ni ma na sani. In ya dafa Littafin nan a kan ƙarya, ya hallaka, kuma ni na kawo shi wurin. Ba zan tsaya ina kallo ɗan Ya'u ya ƙone saboda gona ba."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Kai wa ya naɗa ka mai gadin wuta? Ka bar shi da Ubangijinsa mana! Gadon 'yarka ne fa, Yero, ba naka kaɗai ba!" Alƙali ya buga tebur, na ƙi yin shiru, ɗan sanda ya fitar da ni yana ta ba ni haƙuri. Daga baya Mahfuz ya gaya mini alƙalin ya sake tambayar Yero har sau biyu, yana ba shi hanya, shi kuwa bai motsa ba. Amatullah tana bencin baya, ba ta yi kuka ba, ba ta kuma kalli ubanta ba.

Har yau ban san ko Mansir zai rantse ba. Ba wanda ya sani, kuma ba wanda zai sani, domin Yero bai bar mu mun gani ba. Wannan shi ne abin da ba zan yafe masa ba. Da an rantse an ƙwace, da na ce zalunci ne, in kai ƙara wurin Allah. Amma gona tana hanyar dawowa, ya tare ta da hannunsa ya mayar.

A bakin kotu Mansir ya zo ya durƙusa har ƙasa. "Baba, na gode. Allah ya ƙara girma." Na jira in ji ko sau ɗaya a rayuwarsa Yero zai faɗi magana mai zafi. Ya ce, "Allah ya shirye mu baki ɗaya." Na tofar da yawu na tari keke-napep, keken ɗinkina ma sai daga baya aka kawo mini.

Kafin azumi kamfanin ya zagaye wurin da katanga, aka sare mangwarorin. Mutanen Inkil kuwa sun samu sabon labari. Yanzu in an zauna sai a ce, ka ji abin da Yero ya yi a kotu? Irinsa sai a tona. Na ce duk wanda ya sake faɗar haka a gabana sai na watsa masa ruwan zafi. Cikinsu ba wanda ya ce wa Yero ga kadada ɗaya ka noma, ai gonakin sun zama kuɗi.

Na yi wata biyu ban taka Inkil ba, ya aiko gaisuwa ban amsa ba. Sai ranar da aka yi ruwan shuka na farko, irin wanda ƙamshin ƙasa ke shigowa har ɗaki. Washegari da yamma, ana ɗan yayyafi, Amatullah ta yi sallama da kula a hannu.

"Goggo, Baba ya ce a kawo miki."

Na buɗe. Tuwon dawa ne, fari sol, da miyar kuka. Ƙamshin kaɗai ya gaya mini ba dawar kasuwa ba ce. Na tambaye ta ina suka samo.

Ta ce jiya da aka ɗauke ruwa, uban nata ya hau ya kwance zangarniyoyin da ya rataye a rufin ɗaki tun girbinsa na ƙarshe. Irin shuka ne, wanda ya gada daga ubansa, shi ma daga nasa uban, duk shekara ana zaɓar mafi kyau a ajiye. Ya sussuke da kansa, ya sheƙe, ya zuba a ƙwarya, ya ɗauki sungumi ya fita har ƙofar gida. A nan ya tsaya. Ya daɗe a tsaye, sannan ya dawo ya miƙa mata ƙwaryar ya ce ta kai inji.

"Duka?" na ce.

"Na ce masa ko a rage kaɗan, ko wani zai so. Ya ce a niƙe duka."

Na tambaye ta shi ya ci. Ta ce a'a, ya ce ba ya jin yunwa. Na ce to yanzu me yake yi.

"Yana zaune a ƙofar gida, Goggo. Yana gaida masu tafiya gona."